Binne a Gonar Gawo

Talata, bayan la'asar. Watan bakwai na manoma, shekarar da ake cewa Nasara zai tafi

Baba Hashimu ya zo daga Ɗankama da jakunansa. Ƙanen mahaifina ne, a ƙasar Ingilishi, ƙetaren iyaka, yake fatauci. Ko ruwa bai gama sha ba ya ce mu ɗaure kaya, ni da Inna da Habi matar Yaya da 'yarta Indo. Wai yana da rumfa a kasuwa, yana neman wanda ya san baƙaƙen Nasara ya zauna masa a kan sikeli. Na ɗan san su. A lakol, makarantar boko ta Tasawa, na tsinto su kafin marigayi Baba ya cire ni ya miƙa mini hauya. Da su nake wannan rubutu, yadda kunne ya ji.

Na ce masa, gona fa?

Ya ce, "Wace gona, ɗana? Kakanka daga can ya zo da gatari ɗaya. Gida za ku koma, ba gudu ba ne."

Na ce da gatarin nan Kaka ya sare daji, ya bar itatuwan gawo a tsaye, har yau da su ake kiran gonar. Shi da Baba duk a garin nan suke kwance.

Ya ce, "Tun ranar kasuwar da wanku ya tafi Gazawa aka kama shi a kan siyasa bai dawo ba, wa ya shigo gidan nan ya ce muku sannu?"

Ba kowa. Gaskiyarsa ke nan.

Ba ni zuwa.

Alhamis, da hantsi

Na ga Labo surukin Maigari yana bin iyakar gonarmu, daga tushen gamba zuwa tushen gamba, hannu a baya. Ya tsuguna ya dunƙulo ƙasa ya shinshina. Duk ranin nan shanun Ja'e Bafillace a gonar suka kwana, taki ya yi baƙi ƙirin. Gonar Labo kuwa gyaɗa ta tsotse ta, rairayi ne fari, ga 'ya'ya cike da gida.

Shi da Yaya tare aka yi musu kaciya. Tare suka yi kokawa a dandali.

Na ga inda ya tsaya, na ga inda ya daɗe.

Juma'a, bayan masallaci

Maigari ya kira ni zaurensa. Ya tambayi jikin Inna, ya tambayi zafi, sannan ya zo kan magana.

"Mudi, gona sunan maigida take amsawa. Maigidanku ba ya nan, kuma ba tafiyar fatauci ya yi ba. Ka san al'adar garin nan. Gonar da ba maigida a kanta, in ruwan shuka ya sauka, wanda irinsa ya riga shiga ƙasa shi ke da damina."

Na ce na sani, ranka shi daɗe.

"To ga hanya mai sauƙi. Juma'a mai zuwa in an sallame ka miƙe ka ce ba kai ba shi, hanyarsa ba taka ba ce. Shi ke nan. Ni kuma in ce gonar taka ce, ba mai taɓa ta. Ni ma daga sama ake matsa mini, kada ka ga kamar daɗi nake ji."

Na ce, "Nono ɗaya muka sha."

Ya ce, "Nono ba ya cika rumbu."

Abin da bai faɗa ba na ji shi. Washegarin ruwan fari duk samarin gari gonar Maigari suke fara shukawa, gayya ce tun kakanni, ba mai ƙi. Ina can ina yi masa sara, Labo na nan da ƙannensa a Gonar Gawo. Kafin azahar irinsa ya riga nawa.

Asabar, da asuba

Ba zan faɗa ba. Ba kuma zan tafi ba.

Lahadi, da yamma

Na gaya wa Inna binne zan yi. In zuba iri a busasshiyar ƙasa tun yanzu, ya kwanta ya jira ruwa. Wanda irinsa ya riga shiga ƙasa, in ji Maigari. Bai ce sai ƙasa ta jiƙa ba.

Inna Bagobira ce daga Tsibiri, har yau bakinta bai sake ba. Ta ajiye mazari ta ce, "Ubanka bai taɓa binne ba. Shi kan ce wanda ya yi binne shina caca da sama. In yayyahi ya zo ya tada iri, rana ta ƙone shi, mi kaka shukawa?"

Ba abin da zan shuka. Mutanen hukumar da suka zo washegarin ranar kasuwar nan suka buɗe rumbu ba su bar ko zangarniya ba. Abin da ya tsira tukunya ɗaya ce a ƙarƙashin gadon Inna, irin geron Baba mai dogon kai, an cuɗa shi da toka. Dawar da muke ci ma Baba Hashimu ya kawo.

Na ce, "In na jira ruwa, gona ta tafi. In na yi binne, wataƙila iri ya tafi. Gara wataƙila."

Ta dubi ƙofa. Sai ta ce, "Ka sara da zurhi. Ba saran ragwaye ba."

Ita ta jawo tukunyar da kanta.

Litinin, bayan magariba

Shuka aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya bi da sungumi yana sara, ɗaya ya biyo yana jefa iri yana rufewa da diddige. Na zagaya gidajen abokaina da safe. Musbahu ciwon baya. Wani an aike shi Agye. Wani matarsa ta leƙo ta ce ba ya nan, alhali takalmansa na bakin ƙofa.

Na dawo na tarar Habi ta goya Indo, ta ɗaure ƙugu, ƙwaryar iri a hannu.

"Ɗan lakol, an hana ka aron ƙafa?"

Na ce ki zauna, rana za ta kashe ki.

"Ni da na auri wanka na zauna da uwarka, rana ce za ta kashe ni? Wuce gaba, ƙaramin miji. In saranka ya karkace in gaya wa 'yan matan gari."

Mun fara daga tudu. Ƙasa kamar an toya, sungumi na tashi da ƙura. Ban yi a ɓoye ba, ban kuma yi da duhu ba. Da rana tsaka nake so, kowa ya gani. Masu zuwa rijiya sun tsaya. Wata ta ce, "Gidan Nomau sun zautu, suna ciyar da tururuwa." Habi ta ce, "Tururuwa ma baƙi ce, ta fi wasu zumunci."

Hannuna ya yi kanta a kan kanta.

Talata, da azahar, a gindin gawo

Baba Hashimu ya zo har gona, ya tsaya yana kallon diddigen Habi.

"Abincin da ya rage muku kuke binnewa."

Na ce iri ne, Baba, ba abinci ba.

"In yunwa ta zo za ka san ba su da bambanci. Taurin kan wanku ne ya kai shi inda yake. Shi da baki, kai da sungumi." Ya juya ga Inna da ta kawo mana ruwa. "Ke ma ba ki ce masa komai?"

Ta ce, "Na ce mishi ya sara da zurhi."

Ya kora jakunansa ya tafi ba sallama. Amma ya bar buhun dawa a zaure, ya bar gishiri. Ban ji haushinsa ba. Tsoro yake ji mana, kuma tsoron nasa ba na banza ba ne.

Laraba, da la'asar

Labo ya zo. Ya yi sallama kamar da.

"Mudi, wahala kake sha a banza. Ɓera zai ci rabi, zabin daji su ci rabi. Da ka bar mini ita bana, da kaka in auna muku abin da zai kai ku rani. Wallahi ba don mugunta ba."

Na ce na yarda ba don mugunta ba.

"To?"

Na ce to matsa, layina ta nan zai bi.

Ya matsa. Ya dubi Indo a bayan uwarta, ya buɗe baki kamar zai yi mata wasa, ya fasa.

Alhamis, da magariba

Mun gama, har kwari. Tukunya ta koma wofi. Habi ta kifa ta a tsakar gida ta buga ta kamar ganga, Indo na rawa. Inna ta ce a daina.

Iri na ƙasa.

Juma'a, bayan masallaci

Liman ya sallame. Ba wanda ya motsa. Maigari bai waiwayo ba, amma na ga kunnensa a kaina. Na zauna ina jan tasbahar Baba har aka gaji da jira. Wani tsoho ya yi tari, ya nemi sandarsa, sahu ya watse.

A wajen takalma an bar mini fili kamar mai ƙazuwa.

Lahadi, da hantsi

Ba hadari. Iri na ƙasa.

Talata, da la'asar

Shamuwa ta sauka a kan tsamiyar masallaci. Gawo ya fara zubar da ganye. Shi haka yake, in kowa ya yi kore shi ya tuɓe, in kowa ya bushe shi ya yi ado. Habi ta ce da ni, "Ga ɗan'uwanka can, gawo ƙi ruwan Allah."

Kullum da safe ina zagaya gona ina korar zabi. Na tona rami ɗaya na duba. Ƙwayoyin na nan, tokar Inna a jikinsu. Na mayar na rufe.

Alhamis, da azahar

Ba hadari.

Lahadi, ranar Sallar Layya, bayan saukowa daga Idi

Bara rago muka yanka, Yaya ya feɗe, ni na riƙe ƙafa. Bana ba mu ɗaura wuta ba. Hayaƙin gari duk ta kan dangarmu yake bi.

Inna ta wanke rigar Yaya ta shanya. Kowane mako sai ta wanke ta, ba wanda ya sa. In na duba sai ta ce ƙura ta hau. Shi ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba tun haihuwarsa, ba ta taɓa yi masa dariya a gaban mutane ba, yanzu ma ba ta da ikon yin kuka a kansa. "Wancan," shi ke nan abin da take cewa.

Yau na lura da wani abu. Inna ba ta faɗin sunan don kunya. Habi ba ta faɗi don miji ne, Baban Indo take cewa. Ni Yaya na tashi ina cewa. Mutanen gari kuwa tsoro ya ɗinke musu baki. Mutum da ransa, in sha Allahu da ransa, amma ba bakin da ke ɗauke da sunansa a garin da aka raɗa masa shi.

Litinin, washegarin Salla, da hantsi

Ranar rabon nama. Akushi na wucewa ƙofarmu, ba wanda ya shigo. Can sai ga Kande matar Labo ta bayan gida, ta miƙo cinya ta kan danga, ta ce kada a ce ita ce.

Habi ta ce a mayar. Inna ta ce, "Nama bai yi laihi ba." Mun ci. Ya yi daɗi, abin haushi.

Laraba, bayan la'asar

An yi yayyafi.

Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi, da iska, yara na ta tsalle. Na tsaya a tsakar gida ina cewa ya Allah ko duka ko babu. Ya zubo kamar mai yayyafa wa tsakar gida kafin shara, ya wuce Gazawa.

Ƙamshin ƙasa ya tashi. Ban taɓa ƙin ƙamshin nan ba sai yau.

Alhamis, da sassafe

Na tona a tudu. Laima ba ta kai gaɓar yatsa ba, iri na ƙasa da ita, a bushe. Saran Inna. Na tona a kwari, inda ruwa ya gangara ya taru. Ya jiƙa har ƙasa. Ƙwayoyi sun kumbura.

Asabar, da azahar

Kwari ya tsira. Kore shar, layi-layi, abin sha'awa. Sama kuwa fes kamar an wanke.

Talata, da yamma

Kwari ya ƙone. Na murza tsiro ɗaya ya zama gari a hannuna.

Ja'e ya biyo zai hau arewa da shanu. Shi kaɗai ke gaishe ni da murya sama. Ya tsaya a kan ƙafa ɗaya, sanda a wuya, ya dubi kwari ya dubi tudu.

"Kaɗo, ka kashe na ƙasa. Na sama fa?"

Na ce barci suke.

"To kada ka riƙa tada su da tono. Shanuna ba su yi maka kashi rani guda don Labo ba."

Ya ba Indo nono a ƙoƙo ya wuce.

A bakin rijiya an gama yanke hukunci: binnen Mudi ya mutu duka. Ban gyara musu ba.

Alhamis, da hantsi

Mahaifin Habi ya zo daga Agye zai tafi da ita, wai har abubuwa su lafa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo fura, ta ce, "Baba, ƙafata ce ta rufe irin nan. In ga abin da ta rufe tukuna." Ya ce da ni, "Kai ne ka sa ta." Na ce wallahi ba mai sa ta. Ya ce wannan kam ya sani.

Kafin ya tafi ya ja ni gefe. Wai wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya ce ya ga mutane a arewa can wajen duwatsu, ana sa su fasa dutse, kamar ya ga mai kama da Yaya. Kamar. Ban gaya wa Inna ba. Da na shiga gida ta dube ni sau ɗaya, ta tashi ta ɗauko rigar.

Asabar, da la'asar

Dawa ta kusa gindin buhu. Indo na kuka da tuwon da ba miya.

Yau na yi tunanin rumfar Baba Hashimu. Inuwa, sikeli, shinkafa ranar Juma'a. Na yi tunanin maganar Maigari ma. Numfashi ɗaya ce. Da na faɗa da yanzu ana gaishe mu. Wataƙila Yaya da kansa zai ce faɗi mana, wawa, ka ceci gida.

Amma in ya dawo ya tsaya a bakin gona, da wace fuska zan ce masa shigo? Kuma in bai dawo ba, abin da Indo za ta ji ke nan, ƙanen ubanta ya miƙe a masallaci ya sayar da shi a kan taki.

Na gaji. Ba zan faɗa ba.

Litinin, da azahar

Ba hadari. Iri na ƙasa, in akwai sauran iri.

Laraba, bayan magariba

Ruwa.

Tun la'asar yake zuba, bai tsaya ba sai yanzu. Kududdufi ya cika, kwaɗi sun buɗe baki, ɗakin Yaya ya yi yoyo. Habi ta fita tsakar gida ta tsaya a ciki har Inna ta kore ta.

Mai shela ya zagaya: gobe da asuba samari gonar Maigari.

Zan je. Al'ada ce, ba ni ne zan fara karya ta ba.

Alhamis, da yamma

Na je da sungumina. Na yi wa Maigari sara har azahar, layina ya fi na kowa miƙewa. Ya bi ta kusa da ni ya ce sannu. Na ce yawwa, ranka shi daɗe. Labo ba ya cikin gayya, ba wanda ya tambaya.

Habi ta ba ni labari. Da hantsi ya zo Gonar Gawo da ƙannensa da buhun gyaɗa. Ya tarar da Inna zaune a gindin babban gawo da mazarinta. Inna da ta shekara ba ta fita sai da dalili. Ya tsaya. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce ai binne ya mutu, Inna, gona ba ta zama wofi.

Ta ce, "Sannu da aiki, Labo. Ka sara da kyau, gonar abokinka ce."

Wai bai ƙara ɗaga kai ba har suka gama. Sun shuka ta duka, tudu da kwari.

Habi na huci, ta ce in je in tone. Na ce a'a. Gero ya fi gyaɗa saurin tashi. In yana da rai zai yi magana kafin ta buɗe ido.

Juma'a, da sassafe

Ba komai.

Asabar, da sassafe

Ba komai. Na tsuguna zan tona, na tuna maganar Ja'e, na sa hannu a aljihu.

Lahadi, da fitowar rana

Ya fito.

Daga babban gawo har iyakar gamba, kamar allurai, kowane rami da nasa. Akwai giɓi inda ɓera ya yi sata, kwari kuwa babu. Amma tudu duka ya tashi. Na bi layi ɗaya har ƙarshe, na dawo ta wani. Ban san na zauna a ƙasa ba sai da Habi ta ce, "Ƙaramin miji, tashi, za ka danne mini 'ya'ya."

Inna ba ta zo ba. Da na gaya mata ta ce, "Ubanka dai bai taɓa binne ba." Ta juya fuska wajen bango tana gyara ƙoren da ba su karkace ba.

Litinin, bayan la'asar

Maigari ya zo gona da Liman da Sarkin Noma Tala, tsoho mai nauyin kunne, da rabin gari a bayansu. Sarkin Noma ya bi layi da sandarsa, ya tsuguna, ya ciro tsiro ɗaya da saiwarsa ya duba.

"Labo, gero ka shuka?"

"Gyaɗa."

"Me?"

"Gyaɗa, Baba."

"To gyaɗa ba ta haihuwar gero. Irin yaron nan ya riga naka, kuma da ransa. Wanda ya zuba iri a gonar wani kuwa sadaka ya yi."

Fuskar Labo ta faɗi. Buhun nan shi ne duk irin da yake da shi, kowa ya sani. Ya bar tasa gonar ya zo nan da shi.

Maigari ya yi gyaran murya. Ina jin ya ga ƙofar fita. "Shi ke nan. Daga yau Gonar Gawo ta Mudi ce, a sunansa, magana ta ƙare."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba tawa ba ce."

Kowa ya juyo wajena.

"Ta Sanda ce. Sanda ɗan Nomau. Ni ƙanensa ne, noma masa nake har ya dawo."

Ban taɓa kiran sunansa haka ba tun da na iya magana. Ya fita da nauyi, kamar na ɗaga turmi. Wata tsohuwa ta ce la'ilaha. Wasu na baya suka fara zamewa. Liman ya dubi ƙasa.

Maigari ya ce a hankali, "Yaro, ka san abin da ka jawo?"

Na ce na sani. Sannan na ce gerona ya mutu a kwari, gyaɗar Labo kaɗai ke ciki. In yana so ya nome ta ya cire abinsa da kaka, ya karɓi aron kwarin bana daga mai gona, a gaban shaidu, yadda ake yi.

Labo ya dube ni, ya dubi Maigari, ya dubi kwari. Ya yi magana ƙasa-ƙasa.

Sarkin Noma ya kara hannu a kunne. "Me ya ce?"

"Na ce na karɓi aro."

"Daga wa? Ɗaga murya, ɗan nan, kunnena na gida."

"Daga Sanda."

Ban sani ba ko kunnen tsohon ya kai nauyin da yake nunawa.

Maigari ya tattara rigarsa. Ya ce, "Bana kawai." Na ce bana nake nema. Baɗi ma in Allah ya kai mu bana zan nema.

A gida Habi ta kwashe duka ta gaya wa Inna, sai sunan kaɗai ba ta faɗa ba, ta ce "ya kira shi, Inna, a gaban kowa." Inna ta ce ita ba ta ji ba, kuma tuwo na hucewa. Amma ta zuba mini man shanun da take ɓoyo, duka.

Alhamis, da azahar

Noman fari, kusan mako biyu da fitowar gero. Labo na kwari, ina tudu. Bai yi magana ba sai da za mu tashi, ya ce ciyawar bana da kaifi. Na ce da kaifi. Musbahu ya wuce, bayansa ya warke, ya ɗaga mini hannu rabi.

A Gazawa ana koyon kiɗa da tafiyar soja, wai bikin tafiyar Nasara ya matso. An ce kowane gari ya aika samari. Ba a kira ni ba, ciyawa kuwa ta kira ni.

Asabar, da la'asar

Jandarma ya zo a kan doki, ya same ni a gona. Ana nemana a buro, ofishin hukuma a Tasawa, gobe. Bai faɗi dalili ba, ban tambaya ba. Na ce ya bari in kai ƙarshen layi. Ya dubi geron ya ce binne ne? Na ce binne ne. Ya ce ubansa ma yakan yi. Ya jira a inuwa.

Na nuna wa Habi inda na tsaya, da inda za a rage shuka in an ƙara ruwa. Ta ce, "Ni za ka koya wa? Tafi ka dawo, kada ka sa in yi zaman jiran maza biyu, ɗaya ma ya ishe ni." Muryarta ba ta kai ƙarshen wasan ba. Labo ya hauro daga kwari ya ce layin da ya rage na tudu ya ɗauka, haƙƙin aro ne.

Rigata ta yage a kafaɗa. Inna ta shiga ɗaki ta fito da wankakkiyar rigar Yaya, ta ɗora mini a hannu. Ta ce, "In ka ga mai ita, ka ba shi. In ba ka gan shi ba, ka maido min da ita a jikinka."

Gero ya kai idon sawu. Ya fito, ba mai iya mayar da shi ƙasa.